Sankara Ɓata Goro: Harshe, Kunya da Taimakon Juna a Yaƙi da Ciwon Dajin Maza a Yalwa ta Ƙasar Rano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilai na harshe da na al'ada da ke sa magidanta a Yalwa da sauran garuruwan Rano da Kibiya jinkirin zuwa gwajin ciwon daji har sai cutar ta ci ƙarfinsu. An nazarci sunayen da Bahaushe yake kiran cutar da su, da kuskuren fassarar da ya yaɗu wajen sunan gaɓar da ta fi kamuwa a jikin namiji, da kuma yadda kunya da tsoron rasa mazantaka suke rufe bakin mara lafiya. Daga nan aka auna hanyoyin taimakon juna na gargajiya da na addini domin a ga wanne daga cikinsu zai iya ɗaukar nauyin gidauniya ta cikin gida. Maƙalar tana ganin cewa kalmar sankara ta fi kalmar daji dacewa da kiran a yi gwaji da wuri, kuma gidauniyar da za ta tara maza domin gwaji ba tare da tanadin abin da zai biyo bayan sakamako ba, cutarwarta za ta fi amfaninta.

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar GLOBOCAN ta shekarar 2022, wadda hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa da ke Liyon a Faransa take fitarwa, ta kiyasta cewa mutum kusan 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka rasu sanadiyyarsa. A ɓangaren maza, wanda ya fi yawa shi ne na gaɓar da likitoci ke kira furostet, da sababbin kamu kusan 18,000. Waɗannan alƙaluma kiyasi ne da aka gina a kan rajistar wasu manyan asibitoci, don haka dattijon da ya kwanta a ɗakinsa a ƙauye har rai ya yi halinsa, aka ce tsufa ne ko sanyi, da wuya ya shiga lissafin kai-tsaye.

Nazarin magungunan Hausa ba sabon fage ba ne. Murray Last (1981), daga zaman da ya yi a ƙasar Malumfashi, ya jawo hankali ga wani abu da masu bincike kan tsallake, wato cewa mutane sukan zauna da rashin sanin musabbabin cuta, ba tare da sun damu su sani ba. Lewis Wall (1988) a littafinsa Hausa Medicine ya bi ma'anar lafiya da cuta a wannan yanki dai, Aliyu Muhammad Bunza (1995) kuma ya nazarci magungunan da malaman tsibbu suka rubuta. Abin da ya rage shi ne a ɗauki cuta guda ta wannan zamani, a bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya, a ga inda harshe yake taimakon likita da inda yake yi masa ƙafar ungulu. Hanyar da aka bi a nan ita ce ta nazarin ma'ana, tare da lura da yadda ake sarrafa kalmomin a maganar yau da kullum da kuma a kafafen yaɗa labarai na Hausa.

1.1 Farfajiyar Nazari

Yalwa ɗaya ce daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Rano, a kudancin Jihar Kano. Rano kuwa tsohuwar daula ce cikin Hausa Bakwai. A 2019 aka ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe a watan Mayu na 2024, sannan aka sake kafa ta a watan Yuli na wannan shekara da daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Mutanen yankin manoma ne na dawa da masara da gyaɗa da shinkafa, kuma madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana maƙwabtaka da su, tare da magudanan noman rani da suka ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Gyaɗar da ruwan duk za su sake shigowa cikin maganar nan gaba. Duk wani bincike mai zurfi a kan ciwon daji, kamar ɗebo tsoka a duba, sai an dangana da birnin Kano, galibi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

2.0 Daji, Sankara da Kansa

Sunaye uku ne ke yawo a bakin mutane: ciwon daji (wasu su ce jeji), da sankara, da kuma kansa wadda aka aro daga Ingilishi. 'Yan jarida sukan musanya su yadda suka ga dama, kamar ma'anarsu ɗaya. A wajen likita haka ne, amma kowace kalma tana janyo nata tunanin a zuciyar mai sauraro.

Daji a tunanin Bahaushe kishiyar gari ne. Gari shi ne inda sarki da liman da doka suke, daji kuma mazaunin namun dawa da iskoki da duk abin da ba a mallake shi ba. Idan aka ce ciwo na daji ne, an riga an fitar da shi daga hurumin mutanen gari, har da likitansu, an miƙa shi ga wanda ya san daji, wato boka ko maharbi ko mai saiwa. Daga nan ne maganar nan da ta zama ruwan dare ta samu gindin zama, cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi da wuƙa sai ya fusata ya bazu. Bai kamata manazarci ya yi wa wannan magana dariya ba, domin a kan abin da ido ya gani aka gina ta. Mutum ya yi shekara biyu yana fama a gida, aka kai shi asibiti bayan cutar ta riga ta kai ƙashi ko hanta, aka yi masa aiki, bayan wata biyu ya rasu. Abin da dangi suka gani shi ne wuƙa sannan mutuwa. Bazuwar da ta riga wuƙar ba a idonsu ta faru ba. Kowane mara lafiya da aka kai a makare yana ƙara wa camfin ƙarfi, camfin kuma yana sa na gaba ya ƙara makara.

Akwai wata illa ta biyu. Abin da aka saba kira daji a gargajiyance ciwo ne na fili: kumburi ko gyambon da ya ƙi warkewa, yana ci yana wari. Mutumin da ba shi da gyambo, yana noma yana cin tuwonsa, ba zai ga dalilin da za a ce ya je a duba ko yana da daji ba.

Sankara kuwa daga wata duniya ta fito, duniyar fataucin goro. Ita ce ɓarnar da ke cin goro daga ciki, har ake yi mata kirari da sankara ɓata goro. Duk Bakanon da ya san harkar goro, daga zamanin fataken Gwanja zuwa kasuwar Mariri ta yau, ya san abu biyu game da ita. Goro yakan yi kyau a ido alhali cikinsa ya ɓaci. Sannan mai goro ba ya jiran wari. Yakan kwance huhu lokaci-lokaci, ya canza ganye, ya tsince wanda ya fara taɓuwa kafin ya shafi sauran. Wannan shi ne ainihin ma'anar gwaji da wuri, kuma al'adar ta riga ta tanade shi cikin kalma guda. Ba a taɓa jin wanda ya zargi mai goro da rashin tawakkali don ya kwance huhunsa ba. Hasali ma wanda bai kwance ba shi ake kira sakarai. Ƙari a kan haka, a rubuce kalmar ta yi daidai da aikatau sankara, mai ma'anar farga ko ankara, don haka mai shela yana da abin wasa da harshe a hannunsa: a sankara da sankara tun tana ƙarama. (Sai dai a kula da masu buga takarda da ba sa sa lanƙwasa, domin sanƙarau wata cuta ce daban, kuma mutanen Kano ba su manta da annobarta ta 1996 ba.)

Kansa ba ta ɗauke da daji ko goro. Abin da take ɗauke da shi shi ne asibiti da kuɗi da mutuwa, kuma a ƙauye ana jin ta kamar cutar masu hali. Tana da amfani a takardar likita, amma ba ta da abin da za ta ce wa manomi.

2.1 Gaɓar da Ba Ta da Suna

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta sunan gaɓar kanta. Furostet wata 'yar tsoka ce da namiji kaɗai yake da ita. A jikin saurayi ba ta wuce girman ƙaramin goro ba. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, aikinta kuma shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Idan namiji ya manyanta takan ƙara girma ta matse bututun, sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko a yi ta tashi cikin dare, ko a gama a ji kamar da saura. Mafi yawan wannan kumburi na tsufa ne kawai, ba sankara ba ne. Sankarar kuwa, a farkonta, sau da yawa ba ta nuna wata alama ko kaɗan. Idan ta yi nisa takan tafi ƙashi, musamman gadon baya da ƙugu, shi ya sa dattijo zai yi ta shan maganin sanyin ƙashi alhali tushen abin yana wani wuri.

To, me ake kiran wannan gaɓa da Hausa? A rediyo da jaridu an fi jin sankarar mafitsara. Wannan kuskure ne, domin mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa, mace ma tana da ita, kuma tana da tata sankarar daban. Wasu kuma sukan ce sankarar maraina, wanda shi ma wani ciwo ne daban da ya fi kama samari. A wani yanki ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin tuntuɓen fassara. A ƙasar Rano kuwa yana da haɗari, saboda tsargiya. Ƙwayar da ke kawo tsargiya tana rayuwa a jikin dodon-koɗin ruwa mara gudu, irin na madatsai da magudanan rani, ta shiga fatar mai wanka ko mai kamun kifi, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara. An tabbatar a likitance cewa tsargiyar da ta daɗe ba magani tana iya kai wa ga sankarar mafitsara ta haƙiƙa. Ke nan a yanki ɗaya akwai cututtuka biyu, masu musabbabi daban da gwaji daban, amma an ba su suna ɗaya. Mutumin da aka yi wa gwajin furostet aka ce lafiya lau, zai koma gida da yaƙinin cewa mafitsararsa ƙalau take, ko da yana ganin jini a fitsarinsa. Abin ya haɗu da tsohuwar fahimtar da ke ɗaukar fitsarin jini a jikin yaro namiji kamar wata alamar girma da za ta wuce da kanta.

A ganin wannan maƙala, gara a aro kalmar a rubuta ta furostet, a riƙa raka ta da bayani: tsokar wuyan mafitsara ta maza. Bayanin yana da tsawo, kuma tsoka ba ta cika fassara abin ba, amma ya nuna wuri ya kuma raba ta da mafitsara. Kafin a yanke hukunci, ya kamata masana harshe su zauna da mahauta. Mai feɗe rago da sa kullum ya fi kowa sanin sunayen kayan ciki, kuma ƙamusoshinmu, daga na Bargery (1934) zuwa na Jami'ar Bayero (2006), ba su isa su zama iyakar abin da ke bakin Sarkin Fawa ba.

3.0 Kunya da Mazantaka

Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya da haƙuri da mutunci cikin siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe. Duka ukun kyawawa ne, amma a ɗakin likita suna iya haɗuwa su kashe mutum. Duk abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ne, kuma ba a kiransa da sunansa. Ana cewa gaba, ko mara, ko ƙasa, ko matsalar iyali. Dattijo mai shekara 60 da ya zauna gaban likitan da bai wuce sa'ar ɗansa ba, wataƙila ma mace, da ɗansa na cikinsa tsaye a gefe yana yi masa tafinta, ba zai ce fitsarinsa yana tsinkewa ba. Zai ce jikin ne dai babu daɗi, ko ya ce sanyi ne, ko basir. Waɗannan kalmomi biyu, sanyi da basir, sun zama manyan buhuna da ake zuba duk wani ciwo na ƙasan cibiya a ciki, kuma masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa sun gane haka sarai. Abin lura shi ne su waɗannan masu talla ba sa jin kunyar komai, suna faɗin abin da ko a ɗaki ba a faɗa, mutane kuma suna saye. Abin da suke sayarwa a haƙiƙa shi ne sutura: ka miƙa kuɗi, ka karɓi ƙulli, ba wanda ya tambaye ka, ba wanda ya ce ka tuɓe.

Gwajin kansa yana da nasa cikas. Hanya biyu ake bi a matakin farko: gwajin jini da ake kira PSA, da kuma duba gaɓar da yatsa ta dubura. Na biyun shi ne labarin da ya fi saurin yaɗuwa a majalisa, kuma shi kaɗai ya isa ya hana mutum ɗari zuwa. Ya kamata mai faɗakarwa ya bayyana cewa ana iya farawa da jinin hannu kawai. Ya kuma faɗi gaskiya cewa gwajin jinin ba hukunci ba ne: yakan hau saboda kumburin tsufa ko ciwon sanyi, wani lokaci kuma yakan gano sankara mai tafiyar hawainiya wadda da ba za ta taɓa cutar da mai ita ba. Saboda haka ne ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka take ba da shawarar namiji ya tattauna da likita a kan gwajin daga shekara 50, baƙar fata kuma da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu da wuri, daga shekara 45. A Ingila an kiyasta cewa baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, alhali a maza gaba ɗaya ɗaya ne cikin takwas.

Tsoron da ya fi kowane zurfi ba a cika faɗinsa ba. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan sankara tana ci ne da sinadarin mazantaka da maraina ke samarwa, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Don haka idan cutar ta bazu, maganin shi ne a yanke mata wannan abinci, ko dai da allurar da ake maimaitawa mai tsada, ko kuma a cire 'ya'yan maraina, wanda shi ne mai sauƙin kuɗi ga talaka. Hausa tana da kalmomi a kan wannan aiki, fiɗiya da dandaƙa, amma na dabbobi ne, na ɗan akuya da sa. Wanda aka yi wa a cikin mutane kuma tarihi ya san shi da sunan baban gidan sarki. Babu wani magidanci mai mata biyu da zai ji wannan ya nufi asibiti da ƙafarsa. A nan ne mai faɗakarwa yake da hujjarsa mafi ƙarfi, idan ya iya faɗinta: wancan aiki na wanda ya makara ne. Wanda aka gano tasa tana nan a wurinta yana da wasu zaɓuɓɓuka, kamar sa ido, ko cire gaɓar kaɗai, ko gashi da na'ura. Su ma suna da illolinsu ga fitsari da kwanciyar iyali, kuma ɓoye wannan yaudara ce, amma akwai fatan warkewa a cikinsu.

Mai cewa maganar irin wannan ciwo ta saɓa wa kunyar Musulmi, sai a tuna masa cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu na musamman a kan maganin basir.

4.0 Hanta

Ba furostet kaɗai ke kashe maza ba. Binciken NAIIS na 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ya fi yawa a maza. Sai a 2004 aka shigar da rigakafinsa cikin alluran jarirai, don haka magidantan yau ba su samu ba. Idan wannan ƙwaya ta haɗu da gubar afalatoksin, wadda hunhuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, haɗarin sankarar hanta yakan ninka. A harshe kuwa duk abin yana ɓuya a ƙarƙashin shawara, wadda ake yi wa jiƙo a gida. Gwajinsa ɗigon jini ne, babu tuɓe riga, don haka shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shigo da namiji.

5.0 Wace Irin Gidauniya?

Akwai misalai a ƙasar nan. Gidauniyar Medicaid, wadda Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa, ta shahara da tattakin wayar da kai da take shiryawa a Abuja, kuma a 2024 an zaɓi mai ita a matsayin shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. A ɓangaren hukuma, asusun tallafi na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki a asibitoci shida, ciki har da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet. A Kano an gina cibiyar kula da masu ciwon daji a Giginyu. Duk waɗannan suna birni. Tsakaninsu da zauren mai unguwa a Yalwa akwai tazarar da ƙungiya ta cikin gida ce kaɗai za ta iya cikewa.

Kwaikwayon salon waje ba zai yi ba. Gangamin Movember, wanda aka fara a Melbon ta Ostireliya a 2003, ya ginu ne a kan maza su bar gashin baki a watan Nuwamba domin a tambaye su dalili. A ƙasar da sunna ta ce a rage gashin baki a bar gemu, wannan alama ba ta cewa komai. Haka nan dattijon da ake so ya zo gwaji ba zai sa 'yar shara mai rubutu ya bi titi yana tattaki ba. Abin da ya dace a ɗauka daga Movember shi ne watan kawai, don ya faɗo a kaka, lokacin da manomi yake da hatsi a rumbu da ɗan kuɗi a aljihu, kafin masu cin rani su watse.

Bahaushe ba baƙon taimako ba ne. Yana da gayya da adashi da gudummawar biki, yana da dubiya da ta'aziyya. Sai dai idan aka duba, taimakon da ya shafi cuta yana bin tausayi ne, tausayi kuma yana bin ido. Ana tara kuɗi a masallaci ko a rediyo ko a Facebook idan an nuna mutum ya rame, ciki ya kumbura, wato a lokacin da kuɗin ya fi yawa amfaninsa kuma ya fi ƙaranci. Ba wanda zai ji tausayin ƙato mai lafiya da ake neman a biya masa kuɗin gwaji. Saboda haka gidauniyar gwaji da wuri ba za ta rayu a kan tausayi ba, dole ta zauna a kan tsarin gayya da adashi, inda mutum yake bayarwa domin ya san zagayen zai zo kansa. Kwanon hatsi daga kowane gida a kaka, a sayar a ajiye, ya fi dacewa da tattalin arzikin ƙauye a kan kuɗin wata-wata.

Zakka tana da nata gurbi, amma da iyaka. Manomi yana fitar da ushiri, kashi ɗaya cikin goma, daga abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka daga abin da ya shayar da wahalarsa. Fakiri mara lafiya da wanda bashin magani ya danne suna cikin masu haƙƙi. Amma a fahimtar mafi yawan malamai ana mallaka wa mutum zakka ne, ba a sayen kayan aiki da ita. Kayan gwaji da kuɗin mota da ladan ma'aikaci sai dai daga sadaka ko waƙafi, kamar gonar da wani mai hali zai tsayar domin wannan aiki. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, don haka tsarin ba baƙo ba ne. Ƙungiyar da ta cakuɗa waɗannan asusu biyu za ta rasa goyon bayan limamai tun ranar farko.

Wa zai yi kiran? Tarihin allurar shan-inna ya isa darasi. A 2003 aka dakatar da ita a Kano saboda zargi, wanda gwajin maganin Trovan na 1996 ya riga ya share wa hanya, kuma zargin da ya fi tasiri shi ne na hana haihuwa. Ba a shawo kan lamarin sosai ba sai da sarakuna da hakimai da dagatai suka ɗauke shi a kansu, har aka tabbatar da kawar da cutar a 2020. Gwajin da ya shafi gaban namiji zai fi wancan saurin jawo irin wannan zargi. Dagaci ko liman da ya fara miƙa hannunsa a ɗebi jini a gaban jama'a ya fi takarda dubu. Akwai kuma wanzami, wanda shi kaɗai al'ada ta yarda ya ga jikin namiji tun daga kaciya har zuwa ƙaho. Askarsa, idan ba a tsabtace ta ba, tana cikin hanyoyin yaɗa ciwon hanta, don haka jawo Sarkin Aska cikin tafiyar riba biyu ce.

Babban abin da zai raba gidauniyar kirki da ta neman suna shi ne abin da ke faruwa bayan an naɗe rumfa. A cikin kowane taron maza da aka gwada za a samu waɗanda jininsu ya hau. Kowane ɗayansu yana buƙatar a maimaita gwajin, a kai shi Kano, wataƙila a ɗebi tsoka, ya jira sakamako, ya sake komawa, da ɗan rakiya da abinci da wurin kwana. Idan asusun bai tanadi wannan ba, an ɗauki mutum yana zaman lafiya an ɗora masa fargaba an tafi an bar shi, kuma shi ne zai zama hujjar masu cewa da ma kada a je. Gara a gwada mutum 50 a bi kowannensu har ƙarshe da a gwada 500 domin hoto. Sakamakon ma kada a karanta shi a rumfa, kada a aika ɗa ko mata su karɓo. Ma'aikacin lafiya namiji, wanda ya manyanta, ya kira mutum gefe ya ce: "Baba, jinin ya nuna akwai abin da ya kamata a ƙara dubawa. Ba a ce ciwon ne ba tukuna. Mota tana nan ranar Talata, kuma an biya."